Burtalin da Aka Karkatar Gonar Hamsatu

Hamsatu ta durƙusa a tsakiyar geronta, ta dafa turken da aka shafa wa jan fenti, hawaye na sauka kan zanenta. Wayyo Allah! Gonar nan ita kaɗai mahaifinta ya bar mata a Geza, da ita take ciyar da kakarta Inna Mero wadda idanunta suka mutu.

A daminar nan ne ƙaramar hukuma ta tashi sabunta taswirar ƙasa, a ware wurin gidaje, a ware na noma, a fitar da burtalin da shanu ke bi daga wajen Illo zuwa mashaya. Ranar da ma'aikatan suka zo awo Hamsatu ta kai Inna asibiti a Bagudo, sai ƙanen mahaifinta da suka haɗa uba kawai, Lauwali, ya shige musu gaba. Shi kuwa ya daɗe da haɗiye tsohon burtali ya shuka barkono a kai, don haka ya rantse musu cewa hanyar shanu ta gonar marainiya ta ratsa tun kaka da kakanni.

Da ta je gaishe shi ta ce, "Baba, mi na yi maka? Ni hwa ɗiyarka ce…"

"Tashi ki ba ni wuri! Ni na aza turken? Gwamnati ce!"

Bai tsaya nan ba. Ya toshe 'yar hanyar da take bi zuwa rijiya, ya baza a gari cewa yarinyar ta taɓu, kada kowa ya saurare ta. Ta koma gida tana shessheƙa, Inna ta lalubo kanta ta kwantar a cinya.

"Haba uwar ɗakina, kukan ya isa hakanan. In kin ƙarar da idanunki, da na wa za mu gani? Allah na nan, Hamsatu, bai barci."

Ka'idar aikin ita ce, kafin a sa wa taswira hannu sai an karanta ta a ƙofar dagaci, mai ƙorafi ya faɗa. Ranar taron Hamsatu ta jawo Inna da sanda, ta tsaya gaban dagaci ta ce, "Ranka ya daɗe, burtali bai taɓa bi ta gonarmu ba…" Lauwali ya fashe da dariya. "Kun ji ko? Na hwaɗa muku ba ta da lahiya!"

Sai Arɗo Namadi ya miƙe, dattijon da ya dawo da garkensa daga Benin a makon nan. Ya dubi shugaban ma'aikatan ya ce, "Malam Saifuddeen, kada a yi ta rantsuwa. Ina da tsohuwar saniya, tun tana maraƙa take shan ruwa a nan. A sake ta da sauran shanuna ba mai kora, mu bi bayansu."

Malam Saifuddeen ya ce, "Wannan ai shi ne amfanin taron. Mu tafi."

Aka saki shanu, gari ya bi su. Tsohuwar saniya ta iso bakin gonar Hamsatu, ko kallonta ba ta yi ba, ta karkata dama, ta kutsa cikin barkonon Lauwali, garke duka na biye da ita har mashaya! Lauwali ya ɗora hannu a ka yana ihu, dattawan da suka yi shiru a da suka fara cewa lallai nan ne, nan ne hanyar.

A take aka gyara zanen, aka tumɓuke turakun aka kafa su a barkonon Lauwali, dagaci ya sa ya buɗe hanyar rijiya da hannunsa a gaban jama'a.

Hamsatu ta rungume kakarta tana kuka. Inna ta shafa fuskarta ta ce, "To yanzu kuma kukan na mine ne, uwar ɗakina?"

"Na daɗi ne, Inna."

"To kai ni gonar, in taɓa geron ɗana."