Inuwar Bayan Haikalin Buda

Shekara shida Laouali, mutumin Maraɗi, yana aiki a wani gida a Al-Naseem, cikin Riyad. Aikinsa jinyar mahaifin kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, tsohon da shanyewar jiki ta ɗauke wa magana. Da iyalin suka tashi tafiya hutu ƙasar Tailan, aka tafi da shi don tura tsohon a keken marasa lafiya.

Hutun nasu ne, ba nasa ba. A rana ta uku tun hantsi suke yawon kasuwa. Matan gidan sun sayi siliki da man tausa, sun ci shinkafa da mangwaro, sun rataye ledojin a jikin keken. Shi kuwa gasasshiyar ayaba ɗaya ya ci, a tsaye.

Dab da magariba suka iso wani haikalin Buda mai rufin zinariya.

"Jira mu nan, Laouali. Hoto kawai za mu ɗauka," in ji kafilin.

Ya tura keken bayan ginin, inda ya hango benci ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya. Ƙananan ƙararrawa na kaɗawa a bakin rufi. Hayaƙin turare ya gauraye da ƙamshin soyayyar tafarnuwa daga titi.

Sai ƙararrawar ta yi tsit. Hayaniyar titi ma ta ɗauke.

Wata mata na shara gindin bishiyar, ta ba shi baya. Tsintsiyar na motsi, amma ba ta ƙara.

"Sannu da gajiya, ɗan nan," ta ce, da Hausar Maraɗi. "Aje keken. Taho ka kwanta."

Ya san bai kamata ya ji Hausa a nan ba. Amma shekara shida ba wanda ya ce masa sannu.

Ya saki keken.

Ƙasar gindin bishiyar na da sanyi da taushi. Ya durƙusa. Warin rami irin na kabari ya bugi hancinsa. Hannuwansa suka nutse har wuyan hannu.

"Kwanta dai. Ba mai ƙara tashinka."

Ta fara juyowa. Wuyan kaɗai.

"Gum!"

Tsohon ne, da Larabci: tashi. Bakin da ya shekara huɗu a rufe. Yana jan Ayatul Kursiyyu da rabin harshe, miyau na zuba.

Laouali ya fizge hannuwansa, ya rarrafa ya cafki keken. Wani mai ibada, kai a aske, da mayafi ruwan goro, ya sheƙo ya ja su cikin haske. Ya dubi ƙasar da ke hannun Laouali, ya dubi bishiyar, ya girgiza kai. Ba kowa a wurin.

Tsohon bai sake cewa uffan ba, sai ranar da suka koma Riyad. Ya nuna Laouali, ya ce wa ɗansa kalma ɗaya: "Ijaza." Wato hutu.

Wata biyu Laouali ya yi a Maraɗi. Matarsa Zouera ta ce har ya koma bai taɓa shimfiɗa bayansa ba. A zaune yake barci, jingine da bango.