Keken Baƙon Matthias

Ana saukowa daga masallacin Juma'a rahoton ya iso caji ofis: an sace keken wani baƙo a Gyadi-Gyadi, kuma jama'a sun fara taruwa a ƙofar wanda ya sauke shi.

Sufeto Falalu ne ke bakin aiki. Ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Sani, suka fita. Kulkin da ke rataye a bayan ƙofa bai ko kalle shi ba. Watan Yuni ne na 1999, soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, kuma da safiyar ranar ma sai da aka tara su aka jaddada musu cewa an daina kwasar mutane a zuba a mota, sai da hujja. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Falalu. Shi dama haka yake aikinsa tun ana yi masa dariya.

Wurin garejin walda ne na wani mutumin Kudu, Matthias, wanda ya yi furfura a unguwar. Katanga ce da ƙofar ƙarfe, da famfo a kusurwa, da darbejiya guda mai faɗi. A gindinta an kafa wani ɗan koren tanti wanda rana ta cinye masa launi.

Tun daga ƙofa wani ya tare shi, dogo, cikin sabuwar rigar shadda shuɗiya. Falalu ya miƙa masa hannu. Mutumin ya dunƙule nasa, ya ba shi wuyan hannu.

"Haruna mai hayar keke, Yallaɓai. Ai magana a fili take. Duk layin nan muna masallaci, Matthias kaɗai aka bari. A kai shi ofis a ɗan taɓa lafiyarsa, yanzu zai fito da shi."

Wasu suka ce haka ne. Wasu suka sunkuyar da kai.

Falalu ya san al'adar layin. Duk Juma'a masu shaguna sukan ja ƙofa kawai, su ce wa Matthias ga amana nan, tunda shi Kirista ne, ba ya zuwa. Ko allura ba a taɓa nema an rasa ba. In maganar yau ta zauna, gobe ba mai kawo masa aiki, jibi mai fili zai karɓi makullinsa.

"Ina mai keken?" in ji Falalu.

Wani dattijo siriri ya taso daga bakin tanti. Sunansa Habibullah. Hausarsa tsohuwa ce, da ɗan Larabci a gefenta.

"Daga ina, Malam?"

"Daga Mai Wurno, ƙasar Sudan. Kakana Bakano ne. Da ƙafa ya tafi Makka, bai dawo ba. Na ce ni zan dawo masa, a kan keke."

"A keke? Tun daga Sudan?"

"Ta Chadi, ta Kamaru, ta Maiduguri."

"Ina kake kwana a hanya?"

"Inda aka bar ni. In na ce otal zan riƙa sauka, da ban wuce Chadi ba. Abu uku nake nema a kowane gari: ruwa, inuwa, katanga. Na kwana a harabar makaranta, na kwana bayan masallaci, na kwana a gidan mai. Nakan tambayi mai shayi ko mai faci, su suka san wanda ke da fili da kuma hali."

"A nan fa?"

"Jiya na shigo ta Hotoro. An nuna mini masauki a Unguwa Uku, da na ji farashin sai na yi godiya. A Tarauni wani maigadi ya ce ba a kwana a makarantarsu. Sai wata dattijuwa mai abinci, Iyatu, ta nuno mini wannan ƙofa."

"Me Matthias ya karɓa a wurinka?"

"Ya ce in share ganyen darbejiya da safe. Na share, da lokacin salla ya yi na tafi masallaci, na bar keken a gindinta."

Falalu ya durƙusa ya leƙa tantin. Jakunkunan baƙon na nan a ɗaure, rediyonsa na kan bargo, ba abin da aka taɓa. Wanda ya shigo, keken kaɗai ya zo nema. An yi ruwa da hantsi, ƙasa ba ta bushe ba. Sawun taya siriri ya tashi daga gindin bishiya ya nufi ƙofa, sawun takalmi na bin gefensa. Daga waje sawun takalmin ya ɓace. An hau ke nan.

Matthias na zaune a kan benci, hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Oga Matthias, ka fita daga garejin nan lokacin salla?"

"Ban fita ba, Yallaɓai."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

A ƙarshen bencin akwai kular abinci. Falalu ya buɗe ta. Tururi ya taso, shinkafa ce da miyar kifi.

"Wa ya kawo wannan?"

Matthias ya kawar da kai.

"Abincin nan yanzu aka sauke shi. Gidanka yana Tarauni. Ko dai wani ya kawo, ka faɗa mini sunansa, ko kai ka je."

Matthias ya goge fuska da tafin hannu.

"Ni na je. Matata Uzoamaka ta ce mutum ya taho daga wata ƙasa, ba zai ci burodi a wurinmu ba. Na ja ƙofa, na ruga, na dawo. Na tarar babu keke."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Yallaɓai, duk mutanen nan ni suke bar wa shagunansu. Da wane baki zan ce musu na tashi daga kan amana?"

Daga ƙofa Haruna ya ɗaga murya.

"Kun ji ko? Ya fara canza magana!"

"Kofur," in ji Falalu, "kowa ya tsaya inda yake. Malam Habibullah, zo mu bi taya."

Sawun ya miƙe zuwa kwanar layin. Can ya fara karkacewa, ya yi dama, ya yi hagu, sannan ya ƙare a wani dogon kwarzane a bakin kwata. A nan mahayin ya faɗi. Falalu ya sunkuya ya tsinci wani ƙyalle da bai kai tafin hannu ba. Shadda ce shuɗiya, mai ninkin bakin wando, baƙin mai ya ɓata ta, ga hudoji a jere kamar an tauna.

Habibullah ya karɓa ya duba, ya yi wani guntun murmushi, na farko tun zuwan Sufeto. Ya ɗage rigarsa ya nuna ƙafarsa ta dama. Ya ɗaure bakin wandon da igiyar roba.

"Kekena mai giya ne, sarƙarsa a waje take. Na lura naku na Kano duk da murfi, shi ya sa kuke hawa da manyan kaya. Nawa in ka hau da sakakken wando, sai ya ci."

Falalu ya sa ƙyallen a aljihu.

Rumfar Iyatu na fuskantar kwanar, amma ta ce ba ta ga faɗuwar ba, tana ciki tana salla. Ta ji dai ƙara, ta zaci akuya ce ta ture langa.

"Inna, jiya wa ya nuna sha'awar keken nan?"

"Wa kuwa bai nuna ba? Layin nan kaf sai da suka zo kallo. Amma Haruna ne ya ce a ba shi ya zaga. Baƙon ya ce a yi haƙuri, keken nan ƙafarsa ce, ba ya ba da aronta. Samari suka yi ta yi wa Haruna tsiya, wai sarkin keke an hana shi keke."

"Yau kin gan shi?"

"Da hantsi ya wuce yana ƙyalli, sama da ƙasa shuɗi. Na ce masa, ango, ina amaryar? Ko gaishe ni bai tsaya yi ba." Ta gyara zama. "Yallaɓai, ni na kai bawan Allahn nan wurin Matthias. In da ina da shakka a kansa, da ban kai ba. Ka rubuta haka."

"Na ji, Inna."

Da suka koma gareji taron ya ƙaru, har mai unguwa ya iso. Falalu ya gaishe shi, sannan ya juya wurin Haruna kamar mai hira.

"Malam Haruna, a ina ka yi salla?"

"Babban masallaci, Yallaɓai. Sahun gaba."

"Wa ke gefenka?"

"Jama'a da yawa, ban lura ba."

"Wannan shadda ta yi kyau. Sabuwa ce?"

"Yau na fara sa ta."

"Wandonta fa?"

Ido ya koma ƙafafun Haruna. A ƙarƙashin sabuwar rigar, wani tsohon wando ne ruwan ƙasa, irin na zaman shago.

"Tela bai gama ba."

"Wane tela ne a Kano zai ba mutum rigar Juma'a ya riƙe wandon?" in ji wani daga baya. Aka yi 'yar dariya.

"Inna Iyatu ta gan ka da hantsi, sama da ƙasa shuɗi," in ji Falalu. "Buɗe hannunka na dama."

"Yallaɓai, ni fa taimakon hukuma nake yi."

"Na gode. Buɗe."

Haruna ya buɗe. Fatar tafin ta saɓule, da sauran yashi a cikin ciwon.

Falalu ya fito da ƙyallen, ya ɗora shi a kan hannun rigar Haruna. Launi ɗaya, zanen saƙa ɗaya. Ya bar mutane suka matso suka gani da idonsu.

Shagon Haruna na bayan layin. A can ƙurya, bayan kekunan haya, an lulluɓe wani abu da tamfol. Kofur Sani ya yaye. Keken baƙon ne, kansa ya ɗan karkace, sarƙa ta zame. A cikin kwandon wani keken haya aka samu shuɗin wando a cukuikuye, ƙafar dama a yage.

Haruna ya zauna a ƙasa.

"Wallahi ba sata na yi niyya ba. Na ga Matthias ya fita, na ce bari in zaga layi sau ɗaya in mayar, in san dai na hau. Tun ina yaro nake kan keke, ba wanda ya taɓa kayar da ni. Sai wannan ya kama mini wando. Da na ga kan ya karkace, tsoro ya kama ni, na turo shi nan."

"Wannan na ji," in ji Falalu. "Wanda ban ji ba shi ne na bakin ƙofa. Wa ya ce a kai Matthias ofis a taɓa lafiyarsa?"

Haruna bai ɗago ba.

"Ni ne."

"Ka san bai ɗauka ba?"

"Na sani."

"Shekara nawa yana tsare maka shago ranar Juma'a?"

Haruna ya rufe fuska da lafiyayyen hannunsa.

Aka turo keken zuwa gareji. Habibullah ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa kan ya miƙe, ya mayar da sarƙa da yatsa biyu. Ya juya feda, taya ta yi ta juyawa ba ƙara.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce abin kunya ne a ce jikan Kano ya dawo gida yana kwana a tanti, akwai ɗakin baƙi a gidansa. Wani Alhaji ya ce nasa har da fanka. Nan take aka fara ja-in-ja a kan wanda zai tafi da shi.

"Allah ya saka da alheri," in ji Habibullah. "Amma ina da masauki. Akwai ruwa, akwai inuwa, akwai katanga. Ga kuma abincina yana hucewa."

Ya juya wurin Falalu.

"A hanya mukan haɗu da masu keke irina, wasu daga Masar, wasu daga Turai. Ba ma tambayar juna komai sai wurin kwana. Daga yau duk wanda ya ce mini Kano za shi, zan ce masa ya nemi Gyadi-Gyadi, ya tambayi Matthias mai walda."

Matthias ya tashi ya ɗauraye cokali a famfo, ya miƙa wa baƙonsa. Mai shagon da ke jikin garejin ya matso, ya ciro makullinsa ya ajiye a kan benci.

"Zan leƙa kasuwa, Oga Matthias. Ga amana nan."

Kofur Sani ya ciro ankwa. Falalu ya dubi hannun Haruna mai ciwo, ya girgiza kai.

"Bar ta. A fara biyawa da shi kemis a wanke masa hannu. Da wannan hannun zai sa hannu a kan bayaninsa."

Jama'a suka dare. Haruna ya wuce gaba cikin sabuwar riga da tsohon wando, Kofur na gefensa. Sufeto Falalu ya gyara hularsa, ya yi wa mai unguwa sallama, ya bi bayansu hannunsa a aljihu.