Sunan da Aka Goge a Allon Tafki

Ta cikin gilashin kwalkwali Marisol Treviño ta fara ganin fuskarsa, ƙafa arba'in a ƙarƙashin ruwa, kuma fuskar matsoraci ce ƙarara.

Aikinta ke nan a babban tafkin horo na hukumar sararin samaniya a Houston: ta nutsa, ta tsare duk wanda aka zura cikin rigar 'yan sama jannati, ta jera masa dalma har ya daina nitsewa ya daina tasowa. A ranar, wani injiniya aka kawo mata, Lamar Broussard, zai gwada wani sabon maɓalli da ya ƙera. Idonsa kamar na akuyar da aka ɗora a kwalekwale.

Ta kama safar hannunsa ta matsa sau biyu. Haka masu nutso ke ce wa na cikin riga, ina nan.

Da aka fito da shi, yana haki ya ce, "Ke ce mai matsa hannun?"

"Ni ce. Kai kuma dutse ne, dalmar mutum biyu na cire maka."

"To ki riƙe dutsen nan, don iyona na kare ne."

Shi ke nan, ya zama Dutse, ta zama Kifi. Kowace safiya saƙonsa na riga ƙararrawa: "Kifina, kin karya? Na ajiye miki kofi a bayan allon sunayen masu nutso. Kar ki bari shugabanku Gus ya shanye."

Ranar Lahadin da ta kai shi gidansu a Galveston, mahaifinta Don Evaristo, mai kamun jatan lande, ko kujera bai ba shi ba. Tun da teku ya ci ɗansa Nico shekara tara da suka wuce, tsohon ba ya son jin an haɗa sunan 'yarsa da ruwa.

"Na ba ruwa ɗa ɗaya," ya ce bayan Lamar ya tafi. "Yanzu ki kawo min wanda zai ƙara ɗaure ki a can? Ga Rubén mai kantin magani, ƙafarsa a busasshiyar ƙasa."

"Baba, tafki ne, ba teku ba."

"Ruwa ruwa ne, Mari."

Ba maganar Baba ce ta fi tsorata ta ba. Ran Talata, tana ɗaura wa Lamar dalma, sai ta ga ta kuskure ɗaurin. Ita da ba ta taɓa kuskure ba! Akwai doka a tafkin, kowa ya san dalilinta: mai nutso ba ya tsare wanda zuciyarsa ke kai, domin mai so gaggawa gare shi, gaggawa kuwa a zurfi tana fasa huhu. Ta je wajen Gus, shugaban masu nutso, ta ce ya cire ta daga rukunin Lamar. Gus ya dube ta ta saman tabarau, ya goge sunanta a allo.

Wautar da ta yi ɗaya ce, ba ta gaya wa Lamar ba. Faɗin dalilin daidai yake da faɗin tana sonsa, ga kuma Baba a tsakani.

Labarin Rubén kuwa ta riga ta ba shi. Saƙonsa ya shigo da yamma: "Na ga allo. Idan Rubén ne, ki faɗa min da bakinki. Zan iya ɗauka."

Ta rubuta, ta goge, ta rubuta, ta goge. Kwana uku ba kofi a bayan allo.

Ran Juma'a tana bakin tafki tana kallon talabijin ɗin sa ido, wata sabuwar mai nutso, Odalys, na riƙe da shi a ƙasa. Sai muryarsa ta fito a lasifika.

"Ina jin ruwa a ƙeyata."



"Yawansa?" in ji Gus.

"Yana ƙaruwa. Ya kai kunnena."

Bututun ruwan sanyaya riga ne ya tsage. Marisol ba ta san lokacin da ta ɗauki takalman iyo ba. Gus ya riƙe mata hannu.

"Kar ki kuskura."

"Gus, zai sha ruwa a cikin hular!"

"In kika shiga, fizgo shi za ki yi. Kin sani, na sani. Ungo makirfo."

Ta karɓi makirfon. A talabijin tana ganin Odalys na hawo da shi sannu sannu, sannun da ke cin rai. Ruwan ya kai haɓarsa.

"Dutse, ni ce. Ɗaga kanka sama. Ja numfashi ta hanci, ka saki a hankali. Kar ka riƙe shi, ka ji? Kar ka riƙe."

"Marisol," in ji shi. "Me ya sa kika goge sunanki?"

Ji mutum! Ruwa a leɓensa, tambayar da ta dame shi ke nan. Mutum talatin na sauraron layin, har da likita.

"Don doka ta hana in tsare wanda nake so," ta ce, hawaye na zuba. "Ina sonka, wawa. Yi numfashi!"

Ƙafa ashirin. Ƙafa goma. Ya daina amsawa, sai ƙarar kumfa. Ta ci gaba da ƙirga masa numfashi, ba ta san ko yana ji ba. Da injin ɗaga kaya ya fito da shi aka zare kwalkwalin, ruwa ya kwararo, ya yi tari, ya sake tari, ya buɗe ido. Ta durƙusa ta kama safar hannunsa. Shi ya fara matsawa, sau biyu.

A asibiti Don Evaristo ya same su, hularsa a hannu. Gus ya riga ya ba shi labari a waya. Ya dubi 'yarsa.

"An ce ba ki shiga ba."

"Ban shiga ba, Baba."

"Ni na shiga," ya ce a hankali. "Ranar Nico. Na bar jirgi ba kowa a kan igiya, na faɗa bayansa. Da na tsaya na jefa masa igiyar..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ga Lamar. "Ɗana, ka iya cin yaji?"

"Ina koyo, Baba."

"To ka zo Lahadi. Akwai kujera."

Watan Afrilu aka ɗaura auren a ƙaramar majami'ar Galveston, masu nutso sun cika benci uku, Odalys ce babbar ƙawa. Rubén ma ya zo, ya ci jatan lande faranti biyu. Don Evaristo ya haɗa hannuwansu cikin nasa masu kaushi, ya ce, "Allah ya ba ku zama lafiya da tsawon rai. Duk ruwan da kuka shiga, Allah ya fito da ku tare."

Sannan tsohon ya matsa hannuwan nasu sau biyu, ya sake su.