Shafin da Mai Hoto Ya Kulle

Magariba ta kawo jiki, gidan mai hoto ya yi shiru irin na kullum. Gwaggo, yayarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, tana kwashe shanya a tsakar gida. 'Yarsa tilo, wadda kowa ke kira 'Yar Baba, tana ɗakin aiki gaban kwamfuta. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

Gwaggo ta leƙa waje tana shirin zagin 'ya'yan maƙwabta, ta tarar babu ko kaza a layin. Dutse na biyu ya sauka, na uku ya biyo. Ba jifan hauka ba ne, a jere suke zuwa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Ta ja salati, shanyar ta zube a ƙasa.

Mai hoto mutum ne mai rufa wa jama'a asiri. Da kansa ya haɗa shafinsa na intanet, da irin manhajar nan da ake jawo hoto a ajiye, a jawo rubutu a ajiye. Duk wanda ya yi wa aiki sai ya buɗe masa shafi na daban, ya sa alamar kwaɗon kullewa, ya ba shi kalmar sirri, don kada bare ya ga iyalin mutane. Ya koya wa 'Yar Baba aikin, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har ta fi shi sauri. Abu ɗaya ya hana ta. Duk sanda ta tambayi hoton mahaifiyarta, wadda ta rasu tun yarinyar tana ƙarama, sai ya ce duk sun lalace. Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi.

Jifan bai tsaya a ranar ba. Kowace magariba sai ya dawo, daga baya murya ta biyo shi. Ƙasa-ƙasa take fitowa daga ɗakin aiki, tana jero kalmomi ɗaya bayan ɗaya: sunan marigayiya, sunan unguwar da aka haife ta, sunan turaren da take so. Bayan kowace kalma sai wata murya mai kauri ta ce, "Ba daidai ba." Mai hoto ya ji da kunnensa, amma ya ce wa Gwaggo iska ce.

"Iska ce ta san turaren matarka?" in ji Gwaggo. "Ƙanena, ka ji tsoron Allah."

Wata yamma suka tarar da yarinyar zaune a ƙasa, kwamfuta a kashe. Idanunta a buɗe amma ba su take gani ba. Yatsunta na tafiya a kan tabarma kamar tana danna haruffa, ta tsaya, ta girgiza kai, ta sake farawa. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Da uban ya taɓa kafaɗarta, ta ture shi da ƙarfin da ya fi na ƙato, ya bugu da bango. Gwaggo ba ta nemi shawararsa ba, ta yafa mayafi ta je ta ɗauko Malam.

Malam tsoho ne marar gaggawa. Ya zauna daga bakin ƙofa, ya soma karatu a hankali, rana na faɗuwa a bayansa. Can yarinyar ta ɗago kai, ta buɗe baki, muryar nan mai kauri ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ka zo nema jikin marainiya?"

"A ɗakin nan nake tun kafin a sa masa rufi. Ban taɓa cutar da kowa ba. Yarinyar nan ce ta hana ni sakat. Kullum magariba tana ƙwanƙwasa ƙofa tana kuka, ba mai buɗe mata. Na gaji, na amsa."

Malam ya dubi ɗakin. "Wace ƙofa? Ƙofa ɗaya ce, ga ta a buɗe."

Hannun yarinyar ya ɗaga, ya nuna uban. "Tambayi mai kwaɗo."

Mai hoto ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Cikin jerin shafukansa akwai ɗaya da ya sa wa suna *Ita*. Nan ya tara duk hotunan matarsa ya kulle. Ranar da ciwo ya kayar da ita ta kira shi a waya, ya ce bari ya gama ɗaukar wasu mutane tukuna, kafin ya iso an rufe mata fuska. Tun daga nan ba ya iya kallon idonta a hoto, kuma ba ya iya gogewa. Ashe yarinyar ta ga shafin, ta gane, ta yi ta gwada kalmomi ita kaɗai ba ta ce masa uffan ba.

"Zan fita," in ji muryar, "amma sai ya faɗi kalmar sirrin."

"Ba a ciniki da ku," Malam ya ce. "Za ka fita ko ya faɗa ko bai faɗa ba." Ya juya ga uban. "Sai dai a wannan, ɗana, ya fi ka gaskiya."

"In rubuta a takarda, Malam?"

Aljanin ya yi wata dariya marar daɗi. "Da baki. Ka dube ta ka faɗa."

Mai hoto ya durƙusa gaban 'yarsa. Yau ya lura idanunta na uwar ne sak, idanun da ya yi shekaru yana gudu. Ya dube ta ya ce:

"Ki yafe min."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin Gwaggo. Wani ɗan dutse ya gangaro daga kan kwano ya faɗo tsakar gida, daga shi ba a sake jin komai ba.

Da ta buɗe ido, muryarta ce ta dawo, siririya, a gajiye. "Baba, me ka yi min da zan yafe maka?"

Ya jawo kwamfuta ya kunna, ya buɗe shafin mai kwaɗo, ya tura gabanta. Ta dubi akwatin kalmar sirrin da ya sha korarta, ta dube shi.

"Mece ce kalmar?"

"Yanzu na faɗa miki."

Ta rubuta a hankali, *ki yafe min*. Jan rubutu ya fito, ba daidai ba. Ta ɗago a tsorace, hawaye sun cika idonta. Mai hoto ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tata.

"Haɗe su za ki yi, 'Yar Baba," ya ce. "Ba a barin tazara a tsakani."

Ta goge, ta sake rubutawa. Allon ya yi haske, wata mata ta fito tana dariya, ta ɗaga hannu tana kare fuska daga mai ɗaukarta. Gwaggo ta toshe baki da mayafi. Yarinyar ta daɗe tana kallo, kafin ta kamo hannun ubanta ta riƙe gam, don ta ga yana shirin kau da kai.