Muciyar Malam Mansir

Zinariya na tsince shinkafa a tsakar gidansu na Ƙofar Ran, sai ga Goggo Bintu, ƙanwar mahaifinta, ta faɗo da waya a hannu. Goggo dai in ta samu labari ba ta bari ya huce.

"Yaya, zo ka ga surukinka."

Alhaji ya sa tabarau. A bidiyon da ke wayar, ga Mansir, malamin sakandaren da aka sa musu rana da Zinariya, ya naɗe hannun riga yana tuƙa tuwo, ɗalibai maza sun kewaye shi. Wani shiri ne makarantarsu ke yi tare da makarantu a Kenya da Suwidin kan haƙƙin ɗan Adam: kowane yaro zai koyi aikin gida ɗaya da ake bar wa 'yan'uwansa mata, su ma su sami lokacin karatu.

"Duk kasuwar Muda Lawal an gani," in ji Goggo. "Mijin-ta-ce tun ba a ɗaura ba."

Alhaji ya dubi 'yarsa. "Ki gaya masa ya zaɓa, ko muciya ko ke."

Ta kira Mansir tana kuka. "Firojet ne fa kawai, ka bari mana."

"Zina, yara talatin na gaya wa aikin gida ba abin kunya ba ne. In na janye, ƙarya na koya musu. Wallahi ina sonki, mu yi haƙuri."

Ta ji haushinsa ƙwarai, amma can ƙasan ranta sai ta ji ya ƙara girma.

Ana cikin haka aka yi wa Mama aiki a asibiti, Zinariya ta tare wajen jinya. Gida ya rage daga Alhaji sai ƙaninta Sabitu, ɗan aji biyar na sakandare. Kullum Alhaji ya dawo daga kasuwa sai ya tarar da tuwo da miyar kuka a rufe, ya ci ya suɗe hannu, yana zaton daga gidan maƙwabciyarsu Liatu ne.

Ranar da aka sallamo Mama, Liatu, wadda ake kira Maman Irmiya, ta shigo dubiya, Goggo na zaune.

"Maman Irmiya, Allah ya bar zumunci," in ji Alhaji. "Mako biyu muna cin tuwonki."

"Wane tuwo, Alhaji? Ni kunu kawai na kai asibiti."

Sabitu ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Malam Mansir ne ya koya mana."

Zinariya ta ɗauka faɗa ne zai biyo baya. Alhaji ya dubi ɗansa.

"Shekara talatin ina cin tuwon mahaifiyarku, ban san inda ake ajiye muciya ba," ya ce a hankali. "Na kuma karanta cewa Manzon Allah yana taya iyalinsa aiki, na manta." Ya juya ga ƙanwarsa. "Bintu, ke kika kai wancan labari, to ki kai wannan: rana tana nan yadda aka sa."

Zinariya ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba, wannan karon na alfahari. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Namijin da bai ji kunyar muciya ba kuwa, ba zai bar matarsa da wahala ita kaɗai ba.