Folt a Gonar Malam Modu

Zara ta kai wa babanta Malam Modu abinci gonarsa ta shinkafa a fadamar Haɗejia, ta tarar da wani saurayi durƙushe gaban injin ban-ruwa na sola. Umara sunansa, gyaran inji yake yi.

"Ya mutu ko?" in ji ta.

"Bai mutu ba, folt ne."

"Mene ne kuma folt?"

"Turanci ne. In inji ya tsaya, alhali wani abu ɗaya ne ya samu matsala a ciki, shi ne folt. A nemo shi, a gyara, aiki ya ci gaba."

Ya ɗan taɓa nan da can, sai ruwa ya ɓulɓulo. Zara ta yi dariya ta ce, "Sannu Malam Folt." Sunan da ya bi shi ke nan.

To, ka san yaran yanzu da waya. Ya rubuto mata: "Zarata, tun ranar nan na kasa gane kaina." Ta mayar: "Ka duba ko folt ne, Malam."

Magabatan Umara na shirin zuwa gaisuwa, shinkafa ta fara fitar da kai, sai injin ya sake tsayawa. Ƙasa ta soma tsagewa. Ran Malam Modu ya ɓaci.

"Wanda gyaransa ba ya ɗorewa, shi zai riƙe mini 'ya? A ce su dakata."

Ya'u mai sayar da injinan fetur, wanda ya daɗe yana son Zara, ya zo da sabo fil a bayan babur. Ya ce, "Baba, a yar da wancan. Folt ɗin nan kalmar da masu gyara ke fakewa da ita ce."

Zara ta ƙi cin abinci. Ta tura saƙo: "Baba ya ce a dakata. Kana ina?"

"Ina hanyar gona, sanyin idona. Ki yi mini addu'a."

Da isarsa, Umara ya tuɓe riga ya shiga kogi har ƙirji, yana laluben bakin tiyo. Ya fito da dunƙulen saiwar kacala, ciyawar nan da ta cinye mana kogi. Ita ta toshe shi. Ya samo kwando ya ɗaure a bakin don ya tare ciyawa. Ruwa ya kama gudu.

Ya durƙusa gaban Malam Modu yana ɗiga. "Baba, injinka lafiya lau. Kuskurena ne, tun farko ya kamata in sa kwandon. A yafe mini."

Malam Modu ya juya ya tafi. A gida Iya Hajo, uwar Zara, ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, da ya ga dama cewa zai yi laifin inji ne, wa zai sani? Ni mai cewa na yi kuskure nake so wa 'yata."

Malam Modu ya jawo kwanon gabansa. "A ce su zo."

Bayan girbi aka ɗaura aure, da shinkafar gonar aka yi abincin biki. Ranar kai amarya Umara ya raɗa mata, "In kin ga folt a wurina fa?"

"Sai in nemo in gyara. Ba na yar da inji."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya sa albarka a gidan da gonar, amin.