Cokalin da Ya Yi Yawo

Tas!

Marin ya sauka a kuncina, tabarau ɗina ya faɗa cikin miyar wake.

"Me ka ba ta, Wendell? Me ka ba 'yata?!"

Marisol ke nan, wadda saura wata biyu mu yi aure. Ga 'yarta Noemi a ƙasa, 'yar shekara bakwai, leɓɓa sun kumbura, numfashi na fita kamar usur.

Ni na kawo su wurin wasanni a Orlando. Ni na sayi tsarin abincin otal, ci uku a rana, na cike gurbin "ba ta cin gyaɗa" a takardarsu ina hura hanci. Dokar Marisol ɗaya ce: sai kuku ya zo teburinmu, ya dafa wa Noemi nata daban. Ni kuwa gwani, shekara arba'in da tara da tumbi, na ga jiran ya yi yawa, na ɗebo mata taliya daga tiren da babu gyaɗa.

Tiren kam babu gyaɗa.

Cokalin ɗiban ne ya yi yawo a tiren kusa, mai gyaɗa.

"Allurarta! Mama, ina jakar?" in ji Marisol.

"Tana hannun Dario," in ji mahaifiyarta, Doña Amparo.

Dario tsohon mijin Marisol ne. Tsohuwar ce ta gayyato shi, ko Allah zai sa a koma gidan jiya.

Dario ya ce, "Tana akwatin ajiya, wajen lilo... Na manta lambar buɗewa."

Na bangaje shi, ya tafi da teburin kayan zaki gaba ɗaya.

Rabona da gudu tun ina makaranta, amma na sheƙa wajen lilon. Na fizgi tukunyar kashe gobara daga bango, na dinga jibgar ƙofar akwatin. Bugu na biyar ƙarfen ya yage, ya tafi da naman hannuna. Na zaro jakar. Masu gadi biyu suka yi sama da ni, suka buga da ƙasa. Haƙori ya fita. Ɗaya ya murɗe min hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas!

Da ɗaya hannun na wurga jakar.

Marisol na bayana, Noemi a kafaɗarta. Ta cafe, ta caka allurar a cinya.

Shiru...

Sai yarinyar ta ja iska, ta fashe da kuka.

Washegari Marisol ta shigo ɗakina a asibiti, idanunta jawur.

"Saura ƙiris ka kashe min ita."

"Na sani."

"Na ce a jira kuku!"

"Kin faɗa, rabin raina. Sau shida."

"Kar ka ce min rabin raina da wannan giɓin..."

Ta zare zoben baikonmu, ta ajiye a kan ƙirjina. Ban roƙe ta ba. Da wane bakin?

Doña Amparo ta leƙo daga ƙofa. "Dario ya hau jirgi tun safe, wai bayansa na ciwo." Ta ƙare min kallo. "Wannan jaki ne, 'yata. Amma jakin da ya fasa ƙarfe."

Marisol ta daɗe tana kallon filastar hannuna. Hawaye suka zubo.

"In ka ƙara..."

"Ki karya ɗaya hannun."

Ta ɗauki zoben, ta mayar.

Ranar bikinmu minti arba'in muka yi muna jiran kuku, yunwa na cin hanjina. Ban tashi daga kujera ba. Da farantin Noemi ya iso, ta miƙo min hannu ba tare da ta dube ni ba.

Na zaro cokalinta daga aljihuna, kusa da allurar.